Buhun da Na Ɗinke Sau Biyu

A watan Fabrairu na 1993 ikilisiyoyin gundumarmu suka aika mutum shida zuwa kudancin Chadi, su yi wata uku a wurin mutanen da faɗa ya kora daga ƙauyukansu. 'Yata Joanna tana cikinsu, ita ce nas ɗinsu. Ni dattijon ikilisiya ne a ƙauyenmu kusa da Nok, saboda haka ina cikin waɗanda suka ɗora musu hannu a Kafanchan. Na yi addu'a da ƙarfi, jama'a suka ce amin. Ba wanda ya san kwana biyu ke nan abinci bai shiga cikina ba.

Ni mutum ne mai tsoro a kan yarinyar nan, ba zan ɓoye ba. A rikicin 1987 tana makaranta a Kafanchan, na yi kwana biyu ina bin tituna ina tambayar wanda ya gan ta. A ƙarshe na same ta a gidan wata tsohuwa tana wanke wa wani mutum ciwon da aka ji masa a ka. Ta ɗago ta ce, "Baba, riƙe mini kwanon nan." Na riƙe. Tun daga ranar, in ta yi nisa da gida, hankalina ba ya kwanciya.

Na rataye kalanda a bayan ƙofa ina soke kwanaki. Matata Clara tana kallona.

Saura mako uku su dawo sai ga Meshak, mai bisharar da ke tuƙa musu mota. Ya zo ɗaukar magani a Kafanchan, ya biyo ta wurinmu da wasiƙa. Muka ba shi ruwa, ya zauna a gindin mangwaro yana ba mu labari. Ya ce Joanna ta rataye sikeli a reshen itace, kowace safiya tana auna yara ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda ba su iya haɗiya, ita ke zama da cokali, wani yaro sai ta yi awa guda a kansa. Ya ce ta koyi gaisuwarsu da sunayen ciwo a harshensu, mata suna yi mata dariya suna gyara mata. Takalminta na roba ma ta ba wata mai ciki, yanzu silifas ɗin wani fasto take ja, ya fi ƙafarta. Clara ta yi dariya har da hawaye. Ni kuwa ramarta nake tambaya.

Na buɗe wasiƙar. Aji huɗu na yi a firamare, amma rubutun Joanna ina karanta shi ba wahala.

"Baba, mutanen nan sun koma gonakinsu, amma an ƙone rumbunansu, ɗan irin da suka gudu da shi kuma yunwa ta sa sun ci. Ruwan sama a nan kamar namu ne. Na tuna accar Kaka mai saurin nuna. In ka ba Meshak iri, ni da 'yar'uwa Irene, ɗaya daga cikinmu shida, za mu tsaya har a yanka, domin yaran nan ba za su kai kaka ba in aka bar su. In babu iri, za mu dawo duka a Mayu kamar yadda aka shirya."

Na karanta layin ƙarshe sau uku. Dawowar 'yata tana hannuna ke nan.

Irin da take magana a kai yana cikin wani tulu a rumbuna, an liƙe bakinsa da laka. Daga hannun babana na karɓe shi. Ita ce accar da ke fara nuna, lokacin da dawa ba ta ko fid da kai ba kuma abincin gida ya fara ƙarewa. Ban yi rowar irin ba, Allah ya sani. Watannin nake lissafawa: Yuni, Yuli, Agusta, Satumba, a ƙasar da har yanzu ake jin bindiga.

Meshak ya ce zai dawo jibi da safe ya ɗauka. Washegari Clara ta tafi taron zumuntar mata. Na shiga ɗakin girki na sami accar da ta surfe, fara tas, wadda muke tuwo da kunu da ita. Na juye ta a buhu na ɗinke bakin da kyau. Duk manomi ya san acca in an surfe ta ba ta tsira. Na ce wa kaina masu yunwa abinci suke bukata, Joanna za ta gani ta dafa wa yara, ta gane iri bai samu ba, ta hau mota. Ba zan rubuta komai ba, don kada in yi ƙarya. Haka na yi ta gaya wa kaina har na fara yarda.

Da safe Clara ta je ɗibar acca ta ga babu. Ta fito ta dubi buhun a bakin ƙofa, ta soka yatsa ta wani ɗan rami a gefen ɗinkin, ta ciro ƙwaya biyu a tafin hannunta. Ta daɗe tana kallo.

"Baban Joanna, ka taɓa ganin 'yarka a gonar acca?"

Na ce tun tana ƙarama take makarantar kwana, ita ma ta sani.

"To. In ta gane, ta san abin da ubanta ya yi mata. In ba ta gane ba, za su shuka."

Ta koma ɗakin girki. Ni kuwa na tsaya da buhun a gabana. Ban taɓa kawo wannan a raina ba. A zuciyata na ga matan can sun share fili da ɗan ƙarfin da ya rage musu, sun watsa, ruwa ya sauka, suna zuwa kowace safiya suna duba ƙasa. Kwana biyar, kwana goma. Na san wannan tsayuwar a bakin gona, na yi ta a shekarar fari. Kuma 'yata ce za ta tsaya a gabansu, ita da ta ce musu babanta manomi ne.

Na ɗauko wuƙa na farke ɗinkin. Na mayar wa Clara accarta, na hau rumbu na fasa lakar tulun. Na bar abin da zai ishi ɗan filin bayan gida, sauran na juye. Sannan na yagi takarda na rubuta da fensir: a gauraya da yashi kafin a watsa, kada a binne da zurfi, a ja reshe a kai kawai, a cire ciyawa da hannu tun tana ƙarama. Rubutun ya karkace, na goge wurare da yawu. A ƙasa na sa, "Ki riƙa cin abinci." Meshak ya iso ina kan ɗinki na biyu, ya ce Baba Kumai, ai wannan ɗinkin ko jirgin ƙasa ya taka ba zai buɗe ba.

Na sauke kalandar daga bayan ƙofa, amma ban daina ƙirga ba. Mutum huɗu suka dawo a Mayu, aka yi musu sujadar godiya, na zauna a kujerar dattawa ina tafi.

Joanna ta iso ranar shida ga Oktoba, a bayan babur daga Kwoi. Ta rame, ta yi baƙi, zazzaɓi ya kwantar da ita sau biyu. Cikin yaran da take aunawa uku sun rasu, ta faɗi sunayensu. Sauran sun sha kunun sabuwar acca kafin ta taho. Ta kwance bakin zanenta ta miƙa mini wani ƙulli, ta ce wata mata ce ta bayar, daga yankan farko, a kai wa mai iri.

Ban iya riƙe maganar ba. Na gaya mata labarin buhun farko, duka. Na zaci za ta yi dariya ta ce ai da ta gane. Ta dube ni.

"Da ban gane ba, Baba. Da mun shuka."

Ta tashi ta je taya mamanta wuta. Na jiƙa tsumma na zuba ƙwaya kaɗan daga ƙullin, na sa a sakaina a inuwa, yadda babana yake gwada iri. Rana ta huɗu suka fito kore. Na hau rumbu na juye sauran cikin tulun, na kwaɓa laka na liƙe.