Lanƙwasar da Ba Ta Cikin Taswira

Sirkku Vainio ta yi shekara shida tana zana hanyoyi da wuraren zama a sashen lambuna na hukumar garinsu, can gabashin Finland, kafin a damƙa mata aikin da kowa ke haƙo: hanyar zamiya a kan ƙanƙara, mai tsawon kilomita ɗaya da rabi, wadda za ta ratsa babban lambun gari ta dawo inda ta faro. Sati uku ta yi a kan taswirar. Da Nuwamba ta kama, ƙasa ta daskare, sai ta fita da fegi ɗari biyu da jan ƙyalle.

Aka haɗa ta da Aulis Hyttinen, mai tuƙa tankar ruwan lambun, dattijo mai shekara sittin da ɗaya wanda magana ba ta dame shi ba. Ita tana awo, shi yana kafa fegi. Suka yi ta tafiya lafiya har suka iso wani fili mai ɗan kwari a tsakiyar bishiyoyi masu farin ɓawo, inda layinta ya miƙe ɗoɗar ta tsakiya.

"Injiniya, kewaye za mu yi a nan," in ji Aulis.

"Saboda me? Fili ne fetal, ko saiwa babu."

"To. Takardarki ce."

Ya kafa su inda ta ce.

Washegari da gari ya ɗan yi haske, wajen ƙarfe tara, ta tarar an tumɓuke fegi goma sha huɗu na filin an sake kafa su a gefe, sun yi baka sun kewaye kwarin. Ta mayar da su da hannunta. Kwana na biyu haka, na uku haka. A na huɗu dusar ƙanƙara ta sauka tun yamma ta rufe ko'ina, ta ce yau kam za ta ga sawun mai wannan aiki. Da ta zo, fegin sun koma gefe, dusar kuma shimfiɗe take sumul, ko sawun tsuntsu babu.

Ta sami Aulis a rumfar ma'aikata yana shan kofi da burodi mai kirfa.

"Tsoho, in wasa kake yi da ni, ya isa haka. Ranar Juma'a zan miƙa taswira."

Ya ajiye kofin.

"Ranar farko ni ne," ya ce. "Ba zan ɓoye miki ba. Na dawo da yamma na matsar da su. Sauran kwana ukun ban taɓa su ba."

"To wa?"

"Zauna, yarinya, kofi zai huce."

Ya ce da can tafki ne a wurin. Idan ya daskare, a nan yaran unguwa suke zamiya da takalma masu siririn ƙarfe a ƙasa. Yana da shekara tara, yayarsa Helvi tana da sha biyu, ita ce ta fi kowa gudu. Akwai idon ruwa a tsakiya, ƙanƙarar wurin ba ta kauri, duk yaran sun sani, gefe suke bi. Wata rana hularsa ta faɗi, iska ta ja ta tsakiya, ya tsaya yana kuka don tsoron faɗan gida. Helvi ta tafi ɗaukowa, ƙanƙarar ta fashe da ita. Sai da bazara ta narkar da tafkin aka same ta. Shekara biyu bayan nan hukuma ta cike wurin da ƙasa.

"Tun ranar ban sake sa takalmin zamiya ba," ya ce. "Bakan da fegin nan ke yi, nan ne layin da muke bi."

Sirkku ta wuce ɗakin ajiyar takardu ta nemi tsohuwar taswirar lambun, ta zana bakan fegin a kan tata, ta ɗora ta a kai ta ɗaga su a jikin taga. Fegin suna bin bakin tafkin daidai, har da wani ɗan lungu da ya shiga ta arewa.

Duk da haka zuciyarta ba ta yarda ba. Ta sa Aulis ya yi gwaji, ya zuba ruwa da tiyo a layi biyun, na tsakiya da na gefe. Sanyi ya kai digiri sha biyar ƙasa da sifiri. Da safe ta zo ita kaɗai. Na gefe ya daskare kamar gilashi. Na tsakiya kuwa ruwa ne kwance, baƙi wuluk, yana ɗan motsi alhali babu iska.

Tana tsaye tana kallo sai ta ji ƙara a bayanta, irin ta ƙarfe yana yanka ƙanƙara, shuu, shuu, a natse. Ƙarar ta taso daga cikin bishiyoyi, ta matso, ta wuce ta gabanta a kan sabon layin, kusa har ta ji sanyin ya taɓa kumatunta, sannan ta yi nisa. Babu kowa. A kan ƙanƙarar da ba a taɓa takawa ba ga zane biyu sirara, na ƙaramar ƙafa, sun bi lanƙwasar sun ɓace inda ƙanƙarar ta ƙare.

Ba ta gudu ba. Ta tafi ofis kai tsaye ta gyara taswira. Shugaban sashe ya duba ya ce, "Wannan kwanar fa? Ta ƙara mana mita sittin."

"Ƙasar tsakiya ba ta riƙe ƙanƙara," ta ce. Ya sa hannu.

Aka buɗe hanyar ranar wata Asabar a Disamba, da rana tsaka. Iyaye da yara suka cika lambun, ana gasa nama a bakin hanya. Sirkku tana tsaye wajen benci sai ga Aulis da takalmin zamiya na aro a hannu.

"Kai ne yau? Kada ka karya mana ƙugu, babu mai tuƙa tanka."

"Zagaye ɗaya kawai, injiniya."

Ya tashi yana tangaɗi kamar ɗan maraƙi, hannuwa a baje. Ta bi shi da ido har ya shige cikin bishiyoyin, ta matsa inda za ta hango fitowarsa. Mutum biyar da suka shiga bayansa suka fito. Sannan ya fito, jikinsa a miƙe, tafiyarsa santsi, hannunsa na dama a gaba, a dunƙule, kamar wanda ake ja. Bai saki hannun ba sai da ya bar lanƙwasar.

Ya iso benci ya zauna yana haki. Ya cire safar hannun dama ya matse ta, ruwa ya ɗiga a kan dusa, da ɗan warin laka. Ta hagu a bushe take.

"Faɗuwa ka yi?" ta tambaya, ko da yake gwiwoyinsa tas suke.

"A'a."

Ta zauna kusa da shi. Ya sa safar a aljihu, ya sunkuya yana kwance igiyar takalmi da hannu ɗaya, don yatsun ɗayan sun ƙi lanƙwasuwa. Ta durƙusa ta kwance masa ɗaya ƙafar.