Maɓallin Wuya

Ta saman katangar makaranta uwar ta hango ɗanta, saura ƙiris kwandon cefane ya suɓuce mata. Waɗanda suka makara ne ake sa su zagaya fili a guje, malamin horo na biye da bulala. Ga Auta can a ƙarshen layi, kafaɗunsa na hawa da sauka, rigarsa a rufe ruf har wuya yadda ta sa masa da safe. Ƙafarsa ta fara harɗewa. Ta buɗe baki za ta yi ihu, sai tsoron da ta saba da shi ya riƙe mata harshe: ta ce me a gaban jama'a?

*

Da nakasa a zuciya aka haife shi. Bayan an yi masa aiki, likita ya ce yaro ya yi wasa, ya yi gudu ma daidai ƙarfinsa, amma da ya fara haki ko leɓensa ya yi duhu a bar shi ya huta. Ya kuma jaddada a sanar da makaranta.

Surukarta ce ta ce atafau. Wai mutanen unguwa bakinsu ba linzami, gobe za a ce jikanta ragowar asibiti ne, iyaye su janye 'ya'yansu, har yayyensa mata su rasa manema. Ita kuwa uwar ta san ba ƙarya aka yi wa mutane ba. Shi ya sa kullum take ja masa kunne kada ya kuskura wani ya ga tabon ƙirjinsa, ko zafi zai kashe shi. Auta kuwa akwai jin magana, abin da ya fi ba ta tsoro ke nan yanzu.

*

Kafin ta zagayo ta ƙofa ya faɗi. Malamin ya finciko rigar don yaro ya sha iska, maɓallai suka watse. Ya ga tabon tun daga wuya har ciki, ya saki bulalar.

"Baiwar Allah, me ya hana ku faɗa?"

Ta durƙusa ta sungumi ɗanta.

A asibiti ta zauna tana kallon ƙirjinsa, ko ƙiftawa ba ta son yi. Can da la'asar ya buɗe ido. Bai nemi ruwa ba, hannunsa ne ya lalubo wuyan rigar yana neman maɓallin da babu.

"Umma, yi haƙuri," ya ce a hankali. "Ba ni na buɗe ba."