Agogon da ke Hannun Tela

Tsohon direban tirela shi ya riga kowa gano abin, tun agogon yana cikin kwalinsa. Bai taɓa zama a aji ba, amma mutumin da ya yi shekara arba'in a kan kwalta, mota uku suka kife da shi ya fito da ƙafarsa, ba a koya masa gane na'urar da za ta cuce shi.

Babbar 'yarsa ce ta ɗaura masa. "Baba, wannan zai riƙa nuna mini inda kake da bugun zuciyarka, duk a wayata. Ko faɗuwa ka yi, zai kira ni."

"To ke kuma me zai riƙa kawo ki?" ya ce. Ta yi dariya. Shi bai yi ba.

A da duk Asabar tana zuwa, ta share ɗaki, ta yanke masa farce, su yi faɗa a kan magani. Da agogo ya zo, Asabar ta koma saƙon murya. Amma bari ya wuce ƙarshen layi zai je tashar mota wurin tsofaffin abokan aiki, nan take waya za ta ɗauki ƙara: "Baba, ina za ka? Koma gida!" Shi da ya ratsa ƙasashe ba mai tambayarsa!

Sai ya yi dabara. Maƙwabcinsa tela, sa'ansa ne, yini yake a kan keken ɗinki. Ya kwance agogon ya kai masa. "Riƙe mini 'yata, zan sha iska."

"Kai dai tsufanka bai yi hankali ba," in ji tela, yana miƙo hannu.

Rana ta huɗu, a tasha, ya taka baƙin mai, ƙugu ya karye. Direbobi suka kwashe shi sai asibiti. Aka ce a kira iyali, ya ce duk wanda ya kira bai yafe ba. So yake ya ga kwana nawa za a yi.

Kwana tara aka yi. Yana kwance yana kallon silin, matar mai gadon kusa ce ke miƙo masa ruwa, saƙo kuwa bai fasa shigowa ba: "Madalla, Baba! Ka zauna a gida, zuciyarka kamar ta saurayi." Zuciyar tela. Ya saurara ya fi sau ashirin, ya kife wayar.

Rana ta goma tela ya manta bai sa caji ba, agogo ya mutu. Ko awa biyu ba a yi ba ta iso unguwa. Ta tarar da ɗaki a kulle, tela ya fasa ƙwai. Ta shigo asibiti da agogon a hannu, ido jajir.

"Baba, me na yi maka? Kullum ina duba ka!"

"Tela kike dubawa."

Ta yi kuka, ta nemi soket ta yi wa agogon caji, ta mayar masa a hannu ta ƙara matse madaurin. Ya bar mata hannun, ya juya fuska bango. Asabar ta zagayo, saƙo ya shigo.

Yau yana tafiya da sanda, bai mutu ba, ba kuma zai yi wa kowa wannan alfarmar da wuri ba. Wanda ya ce ƙarya ne, ga tela can a shago. Mai musun ya je ya kai masa nasa agogon, ya shiga ɗaki ya kwanta, mu ga ranar da za a buga masa ƙofa.