Inda Jirgin Ya Kwanta

Mu a tsibirinmu ba wanda ya damu da sunan da aka rubuta a jikin jirgin, Babban Baki muke ce masa, domin gabansa wangalewa yake yi gida biyu ya zuro harshen ƙarfe a kan yashi. Sojojin ruwan da ke cikinsa kuwa ba sa gajiya da ba da tarihinsa. Wai Amurkawa suka ƙera shi lokacin yaƙin duniya, ya sha sauke tankokin yaƙi a gaɓar da ake ruwan harsashi, da ya tsufa aka sayar wa ƙasarmu. Mu dai abin da muka gani yana saukewa shi ne buhunan fulawa da kananzir, ya kwashi shanu da dankali ya tafi.

Yadda yake aiki kowa ya sani. Ba ya buƙatar tasha. Sai teku ta cika ya taho da gudu, ya saki ƙugiyarsa ta baya tun daga nesa, ya daki gaɓa ya kwanta. Ruwa ya janye ya bar shi a kan busasshiyar ƙasa, a yi lodi. In teku ta sake cika, inji ya naɗe igiyar ƙugiyar, ya ja kansa da baya ya koma ruwa.

Bayan babbar girgizar ƙasa tsibirinmu ya nutsa da kusan tsayin mutum. Gonakin gaɓa suka zama na gishiri. Maƙabarta, wadda a da take nesa da ruwa, ta koma wurin da teku ke rufewa kullum in ta cika, ta buɗe in ta janye. Gicciyen katakon da ke kan kaburbura duk ruwa ya tafi da su. Aka aiko mana cewa Babban Baki zai zo ya kwashe mu gaba ɗaya zuwa babban yankin ƙasarmu a ƙetaren teku, zuwa guda, ba a barin kowa.

Ni, Orfelina, ɗinki nake yi, ba ni da kowa a maƙabartar sai kakanni. Amma maƙwabciyata Eduvina tana da Griselda, 'yarta tilo, wadda zazzaɓi ya ɗauke tana shekara bakwai. Eduvina ta ce ba za ta bar yarinyar a cikin ruwan sanyi ba. Fada, limamin cocinmu, ya yarda a tono ƙasusuwan, amma ya ce sai ranar tafiya, kada a ajiye mamaci a ɗaki. Ƙanin Eduvina, Rudecindo, ya wasa shebur ya jingina a bakin ƙofa.

Ranar da safe muna tsaye a kan tudu da kayanmu, teku ta cika fal, muka hango jirgin. Maimakon ya nufi inda ya saba kwanciya, sai ya karkata dama. Daga baya muka ji dalili: girgizar ta watsa duwatsu a tsohon wurin, sabon kyaftin ya duba da madubin hange ya ga wani fili lafiyayye a ƙarƙashin ruwa, ba dutse ba kututture. To ina za a sami dutse, bayan kakanninmu sun tsince su da hannu don su binne mutanensu?

Muka yi ta ihu muna kaɗa mayafai. Sojojin da ke kan jirgin suka ɗaga mana hannu suna dariya, sun ɗauka maraba muke yi musu.

Da ruwa ya janye, ga Babban Baki kwance ɗare-ɗare a kan maƙabarta, daga kabarin farko har na ƙarshe.

Eduvina ta gangara cikin taɓo da siket ɗinta na zuwa coci. Ta sami kyaftin a kan harshen ƙarfen nan yana ba da umarni, saurayi ne mai tsabta, takalminsa ko ɗigon laka babu.

"Ranka ya daɗe, ka matsar da jirginka. Kan 'yata ka kwanta."

Ya cire hula, ya kira ta Doña, wato uwargida, wannan ladabin kam ba zan hana shi ba. "Doña, wallahi ban sani ba. Ba alama ko ɗaya."

"Mutum ɗari sun tsaya suna yi maka ihu, wace alama kake nema kuma?"

"Ko na so, ba ya motsi sai ruwa ya dawo. Ba mota ba ce."

"To in ruwa ya dawo ka ja baya, ka jira ya sake janyewa. Rabin yini kawai. Ƙanina ya tono ta, ka aiko da kwale-kwale."

"Iska na tahowa daga arewa, Doña. In na kwana nan da mutane da shanu a ciki, ba kabari ɗaya za a yi kuka a kai ba. Za mu dawo, na yi miki alkawari."

Rudecindo ya tofar da yawu. "Alkawarin soja! Yaya, rabu da shi, zo ki nuna min wurin."

Ba su dawo ba, tun yanzu in faɗa muku. Shekarar da ta biyo aka yanka jirgin aka sayar da ƙarfensa, aka yi masa biki da badujala da jawabi. Ban je ba, kuma har yau in na ji ana yabon aikin da ya yi wa ƙasa, raina ɓaci yake yi.

Eduvina ta auna da ido daga wani itace da ya mutu a bakin tsohon shingen maƙabartar, ta nuna tsakiyar cikin jirgin. Maza suka kama haƙa daga gefe, suna neman su kutsa ta ƙarƙashinsa. Wasu sojoji biyu ma suka tuɓe riga suka karɓi shebur, ba wanda ya sa su. Amma taɓo ne. Ka kwashi shebur ɗaya, biyu su zubo. Ramin bai kai tsayin hannu a ƙarƙashin ƙarfen ba ruwa ya fara lasar ƙafafunsu. Rudecindo ya ci gaba da haƙa har ruwa ya kai masa ƙugu, sai da aka fizge shi.

Na zaci da ƙarfi za a shigar da Eduvina. A'a, da ƙafarta ta hau. Ta ratsa cikin babban ɗakin nan da aka ce tankoki ke kwana a da, ta wuce shanu da gadaje da buhunan irin dankali, tana kallon ƙasa. A wani wuri ta tsaya, ta ture wani kwando, ta zauna a kan ƙarfen. Na zauna kusa da ita.

"Orfelina, a nan take kwance," in ji ta. "Daidai nan."

Ta shimfiɗa tafin hannunta a ƙasa. Aka rufe bakin jirgin, wurin ya yi duhu sai ƙwan lantarki. Muka ji ruwa yana bubbuga gefe, sannan injin baya ya kama gurnani, igiya ta miƙe. Jirgin ya girgiza, ya fara jan ciki.

Ƙarar ba irin ta yashi ba ce. Wani abu ne ke kakkarcewa yana fashewa a ƙarƙashinmu, katakon akwatin gawa ɗaya bayan ɗaya, muna jin sa har cikin haƙora. Kowa a ɗakin ya san na wa yake ji. Eduvina ba ta ɗaga hannunta ba har ƙarar ta ƙare, jirgin ya yi sauƙi ya hau ruwa.

Sai ta juyo ta dube ni, idonta a bushe.

"Da a ruwan sanyin aka bar ta ma," ta ce, "da tana nan kwance lafiya."