Safar Hannun Ranar Baƙi

Labaran mutumin Damagaram ne, kuma hannuwansa sun fara ruɓewa tun yana raye. A wani kamfanin jima yake aiki a Challawa ta Kano, inda ake tsoma fatu cikin ruwan sinadari mai launin shuɗi-shuɗi, a tsamo su da hannu tsirara. Fatar akuya tana fitowa da laushi, a kai ta Turai a yi jakar mata. Tasa fatar kuwa ta tsage tsakanin yatsu, ta yi gyambo, har lomar tuwo sai da cokali.

Wani abokin aikinsa ya kai shi wurin Barista Muhyiddeen, lauya mai ofis a Bompai, wanda ya karanci dokokin ƙasa da ƙasa kuma ba ya barin kowa ya manta. Barista ya dubi hannuwan daga nesa, ya buɗe taga. Ya bayyana masa cewa lamarinsa yana da ban sha'awa ƙwarai: shi ɗan Nijar, aikin a Nijeriya, mai kamfanin yana zaune a wata ƙasar Larabawa, an yi wa kamfanin rajista a wani tsibiri, masu sayen fatar kuma Turawa. Kowace kotu za ta yi masa maraba, ta nuna masa ƙofar 'yar'uwarta. Amma akwai kafa ɗaya. Dokar ƙasar masu sayen fatar ta ɗora musu alhakin duk cutar da wakilinsu ya gani da idonsa.

"To idan bai gani ba fa, ranka ya daɗe?" in ji Labaran.

"Idan bai gani ba, hannunka lafiyarsa ƙalau."

Wakilin yana zuwa sau ɗaya a shekara, kuma kowa a kamfanin ya san ranar, domin ita ce ranar da ake wanke magudanar ruwa, a fito da kwalayen safar hannu da takalman roba daga sito. Sagir, foman ɗinsu, ya riga ya sanar cewa duk wanda ya yi wa baƙo magana fiye da gaisuwa, ko ya tuɓe kayan kariya, to ya nufi get kawai, an kore shi. Labaran yana da iyali a ƙauye, ba ya son get.

Sai ya yi dabara. Wakilin bara, wani dogon Bature, ya bi layi yana miƙa wa kowa hannu. Ba a musafaha da babba da safa a hannu, wannan ko Sagir ya sani. Idan baƙo ya miƙo nasa, Labaran zai zare safar ya miƙa nasa, kuma ba a taɓa korar mutum saboda ladabi ba. Da safe ya shafa man gyaɗa a yatsunsa don robar ta zame da sauƙi.

Da hantsi aka jera su, kowa cikin sababbin kaya kamar masu shirin tiyata. Mota ta tsaya, manaja ya ruga ya buɗe ƙofa. Wadda ta fito mace ce, Hajiya Badi'a, 'yar Kano, 'yar gidan malamai, wadda Turawan suka ɗauka bana domin ta san harshen mutanen da al'adunsu. Ta san su kuwa. Ta bi layin, hannun damanta cikin mayafi, tana yi wa kowa sannu da aiki, hankici a hancinta.

Da ta iso gabansa, jikin Labaran ya yi abin da aka koya masa tun yana ƙarami: ya rusuna, ya dafe ƙirji, ya sunkuyar da kai. Ta yaba da yadda safar ta zauna masa daidai, ta roƙi izini ta ɗauki hoton hannuwan, don a ga yadda ake mutunta ɗan Adam a Challawa. Ya ɗaga su. Ta ɗauka.

Sai da ta juya baya ya tuna abin da ya kawo shi. Ya ja bakin safar, amma zafin rana ya riga ya haɗa roba da gyambo, man gyaɗan bai yi komai ba. Ya sa haƙori. A lokacin ne hannun Sagir ya sauka a kafaɗarsa, a hankali, kamar na ɗan'uwa.

"Malam Labaran, yunwa ce? Yi haƙuri, yau akwai shinkafa."

Hajiya ta shiga ofis mai sanyi, aka rufe ƙofa.

Bayan la'asar mai sito ya zo karɓar kayansa. Ya fizge safar Labaran, ta fito da abin da ta fito da shi. Ya leƙa ciki, ya ga jini da mugunya, ya tofar da yawu, ya ce wasu mutane ba su san darajar kayan kamfani ba. Ya ɗauraye ta a famfo, ya shanya, domin baɗi ma akwai baƙi.

Fatun safe suna nan cikin ruwan shuɗi suna jira. Labaran ya naɗe hannun riga.