Jan Ɗigo a Baƙin Allo

…kuma na yi barcin, Gunvor matata, wannan karon ba mai cewa ban yi ba. Hutu likita ta ba ni, na tafi bukkarmu ta bakin ruwa ni kaɗai, na kwanta kamar gawa, ba waya, ba kofi bayan hantsi. Ga ni na dawo. Ga allon na'urar a gabana, baƙi ƙirin, jan ɗigo zai fito in taɓa shi da yatsa, shi ke nan fa gwajin. Wasan yara. Wai da shi ake gane ko matuƙi ya gaji, kafin a damƙa masa jirgin saman ɗauko marasa lafiya daga tsibirai.

Ya fito — na taɓa.

Likita Ragnfrid ta ce in yau ma hannuna ya yi nawa, sai dai mu zauna mu yi wata magana. Wata magana! Ai na san ta. Ita aka yi da abokin aikina Oddvar aka raba shi da tuƙi, yanzu yana can bakin teku yana gyaran raga, in jirgi ya wuce ya ɗaga kai kamar mai duban wata.

Ya fito. Na… na dai taɓa.

Ni za a ce wa na gaji? Ni? Sindre mataimakina har tsokanata yake, wai tsakanina da kyanwa bai san wa ya fi iya barci ba. Na tsare barcina, na hana kowa raɓarsa. Baƙaƙen labule saboda ranar nan tamu ta ƙurewar arewacin duniya da ba ta faɗuwa da bazara, auduga a kunne, ɗaki daban… ke da kanki kika ɗauke filonki, kika bar mini ɗakin. Rayukan mutane ne a hannuna, ba haka nake ce miki ba? To ƙarya na yi? Mai naƙuda, mai ciwon zuciya, duk na sauke su lafiya, ko sau ɗaya ido bai taɓa cin amanata a sama ba.

Tuva kuwa, 'yarmu, ta iya sanɗa tun kafin ta iya gudu. Ranar da ta faɗo daga lilo ta karye a hannu, bakin ƙofata ta zo ta tsaya tana cizon wuyan rigarta don kar kukan ya fito, saboda Baba yana barci, yana da tashin jirgi. Da na farka kika gaya mini, na shafa kanta na ce ta kyauta. Yarinya da karaya… wai ta kyauta. Ke ma ranar da za ki bar gidan a hankali kika ja ƙofa, sai da na tashi na ga babu takalmanki. Abin nan yana cina, Gunvor, ko faɗa ba mu yi ba. Yaushe za a yi faɗa a gidan da ba a ɗaga murya?

Ana ƙwanƙwasawa. Sindre ne.

“Tsoho, ka gama? Kofinka zai huce.”

Ya fito.

Jan ɗigon, na gan shi. Tun ɗazu na gan shi, ja jawur, idona tar, kaina wasai, rabon da in huta haka har na manta. Na ce wa yatsan je ka — ga shi can yana tafe, yana tafe, kamar mai ratsa kogi da kaya a ka. Ɗigon yana jira.

Gajiya ai barci ne maganinta, kowa ya sani. Na yi barcin. Duk barcin da ke gidanmu na kwashe, nawa da naki da na Tuva, ban bar wa kowa ba. To wannan nawar hannun da ba ta gajiya ba fa, Gunvor? Wannan kuma da me zan…