Ragowar Samosa

Tikitin sinima huɗu. Samosa goma sha biyu a naɗe cikin tsohuwar jarida, an cusa su can ƙasan jaka saboda mai gadin ƙofar sinima, mai hana shiga da abinci. Ƙwayar hawan jini. Ambulan mai hotunan 'yan mata bakwai. Sai takarda guda a aljihun Tanmay, jawabin da ya rubuta a jirgi, ya gyara sau tara.

Abin da suka ɗauko ke nan. Su huɗu ne a cushe cikin babur mai ƙafa uku, suna kutsa cunkoson Indore, birnin su Tanmay, da tsakar rana: Tanmay, uwarsa Sulochana, ƙanwar marigayi ubansa Gwaggo Urmila, sai Hiren da ya raɓa rabin ɗuwawu kusa da direba.

Shekara shida Tanmay da Hiren suna zaune gida ɗaya a Toronto, can ƙetare. A Indore kuwa sunan Hiren "abokin karatu". Zuwansa na uku ke nan, kuma kowane zuwa Sulochana a kofin tangaran mai bakin zinariya take ba shi shayi, na baƙi. 'Yan gida a kofin ƙarfe suke sha. A jirgi Hiren ya faɗi tasa, ba hayaniya: "Wannan ne na ƙarshe. In muka koma ina nan a abokin karatu, ka nemi wanda za ku ci gaba da karatun."

Shi ya sa Tanmay ya shirya dabara. Akwai wani fim na ban dariya da ake nunawa: malamin lissafi ya faɗa son wani mai shagon alewa, duka maza, dangi suka yi ta borinsu, daga ƙarshe aka yi biki. Zai bar fim ya tausasa zuciyar uwarsa, in an kunna fitila a hutun rabin fim ya zaro takarda ya karanta.

"Yarona, dubi wannan ta biyun," in ji Gwaggo, tana tura masa hoto a hanci. "Likitar ido ce. Ka ga haƙora?"

"Ido take gyarawa ko haƙora, Gwaggo?"

"Bakinka za ta gyara. Kai Hiren, ba ka yi wa abokinka faɗa? Shekara talatin da uku, gashi ya fara gudu."

"Kullum cikin yi masa nake, Gwaggo," in ji Hiren, bai waiwayo ba.

Sulochana ta kau da kai. Ta dafe jakar samosa tana kallon titi.

Da fim ya fara, Gwaggo ce ta fi kowa jin daɗi. Ta yi dariya har ta ƙware lokacin da malamin lissafi ya ɓuya cikin tukunyar alewa. Da uwar da ke cikin fim ta suma, sai da ta tafa. "Kai, 'yan zamani!" ta ce da ƙarfi. "Abin a gidan wasu daɗin kallo gare shi."

Sulochana ta raba samosa cikin duhu. Tanmay ya gatsi tasa. Shekarun ƙetare sun lalata masa harshe, barkonon uwarsa ya hau masa kai, ya riƙe ragowar yana shan iska. Hiren, idonsa na kan majigi, ya miƙa hannu ya karɓe ta yadda ya saba a gida, ya kai baki.

Daidai nan aka kunna fitila.

A gidan su Tanmay ba a cin abin da bakin wani ya taɓa. Yaya ba ya cin na ƙanensa. Ko gorar ruwa daga sama ake kwarara ta, leɓe bai taɓa ba. Uwa kan cinye ragowar jaririnta, mace kan ci ta mijinta. Daga nan an rufe.

Gwaggo ta dubi shatin haƙoran Tanmay a jikin samosa, ta dubi bakin Hiren, ta ɗaga kai ta dubi majigi.

"Ram, Ram," ta ce a hankali, tana kiran sunan abin bautarsu.

Hiren ya rasa ko ya tauna ko ya tofar. Ya haɗiye. Tanmay ya sa hannu a aljihu, ya ji takarda ta jiƙe da gumi, ya bar ta a inda take.

"Ku zauna," in ji Sulochana. "Fim bai ƙare ba."

A rabin ƙarshe uwar fim ta yi kuka tsawon waƙa biyu, a ta uku ta share hawaye ta shiga fili tana juyi. Duk sinima ana tafi. Gwaggo kuwa ta ƙame kamar an dasa ta, ambulan a ƙirji.

Suna isa gida da la'asar, Gwaggo ta fashe, ko takalmi ba ta gama cirewa ba.

"Matar yaya, kin gani da idonki! A gaban hoton ɗan'uwana za a yi wannan? Mutane su ce me? Kafin rana ta faɗi sai dangi kaf sun ji, daga nan har Nagpur."

"Bari in ɗora shayi," in ji Sulochana, ta shige kicin.

Tanmay ya bi ta. Ya gyara tsayuwa, ya warware takarda, ya yi gyaran murya.

"Inna, a rayuwar kowane ɗan Adam akwai lokacin da..."

"Miƙo min madara."

Ya miƙa. "Akwai lokacin da gaskiya..."

Ta zare takardar daga hannunsa, ta shimfiɗa ta a kan tebur, ta ɗora tukunyar shayi a kai.

"Wa ya koya maka tsayawa ka yi wa uwarka jawabi kamar mai neman ƙuri'a? Karatun da aka tura ka ke nan?"

"Inna, ni da Hiren..."

"Na sani. Tun zuwansa na farko. Abokin karatu ba ya sanin ranar da maganin asmarka zai ƙare. A fim ne ake zaunar da uwa a faɗa mata." Ta tace shayi, ba ta dube shi ba. "Kada ka ɗauka murna nake. Na yi kukana shekara huɗu da suka wuce, ba kiɗa, ba 'yan kallo. Rawa ma ba zan yi ba, gwiwa ta ƙi."

"To me ya hana ki magana?"

"Ka kawo min shi a matsayin baƙo. Sai in ce wa baƙo me? Ɗauki faranti, ragon banza."

A kan farantin kofi huɗu ne: uku na ƙarfe, ɗaya na tangaran. Hiren na zaune a bakin kujera, hannu a kan gwiwa, yana sauraron tarihin zuri'ar gidan daga bakin Gwaggo. Da ya ga faranti ya miƙa hannu wajen na tangaran, kamar kullum. Sulochana ta ɗalle masa yatsa.

"Ba naka ba ne."

Ta ba shi na ƙarfe, wanda gindinsa ya lotse. Na tangaran kuwa ta ɗauka da hannu biyu, har da ɗan rusunawa, ta ajiye gaban Gwaggo Urmila, wadda shekara talatin da biyar a kofin ƙarfe take sha a gidan nan.

"Ni?" in ji Gwaggo. "Ni ce baƙuwa?"

"Mai kai maganar gida waje ai daga waje yake, Urmila. In kin fasa kai ta Nagpur, kin san inda naki yake rataye."

Hiren ya sunkuya ya taɓa ƙafar Sulochana, yadda ɗa ke girmama uwa a can. Ta bar shi ya gama, sannan ta ce, "Tashi, ka ishe ni. Kofin nan kai za ka riƙa wanke abinka. Kuma na san ku mutanen Surat, komai sai kun zuba masa sukari. Miyar gidan nan ba a taɓa ta."

"To, Inna."

"Inna tun yanzu? Ji min rashin kunya."

Gwaggo ba ta taɓa shayin ba. Ta tashi, ta nemi takalmi, ta fita tana huci. A bakin ƙofa ta juyo.

"Iyayen likitar ido fa? Me zan ce musu?"

Sulochana ta ɗauko ambulan ɗin da Gwaggo ta mance a kujera, ta danƙa mata.

"Ki ce sun yi arziki. Namu ko samosa ba ya iya cinyewa shi kaɗai."

Ta rufe ƙofa, ta zura sakata, ta juyo ta dube su.

"Ranar Lahadi za mu Surat wajen uwar Hiren. Ba fim, ba takarda. Ni zan yi magana."